Filasha da rana tsaka: Yadda ake fito da fuska a hoton waje

Shekarar da na fara riƙe kyamara, ranar ƙaramar Sallah, na tare kawuna yana dawowa daga filin Idi a Nahuce. Ya sha farar babbar riga mai aiki, ya kafa hula, ga sanda a hannu. Na roƙe shi ya tsaya, ya tsaya, na ɗauka. Bayan kwana biyu na je Gusau aka wanko mini hoton, na kawo masa cike da murna. Ya karɓa, ya kai shi kusa da ido, ya nesanta, sannan ya ce da ni cikin Zamfarci: "Kai yaro, riga dai tawa ce, amma ina huskata ta tahi?"

Gaskiyarsa. Rigar ta fito har zaren aikin ana iya ƙirgawa, amma daga ƙasan hula zuwa gemu duhu ne kawai, idanu kamar ramuka biyu. Na ce, "Kawu, rana ce ta yi yawa." Ya ce bai taɓa jin inda haske ya yi yawa har ya haifi duhu ba. Ban iya ba shi amsa ba a ranar, kuma hoton bai hau bangon ɗakinsa ba.

A wurina kunya kaɗai na sha. Amma a yau ɗalibai da yawa a Gusau da Tsafe da Bungudu suna neman na kashewa, wasu ma na rajistar jarrabawa, da ɗaukar hoto ranar Sallah, ko walimar saukar karatu, ko bikin yaye ɗalibai. Su kam hoto mai baƙar fuska asara ce: mai shi ba zai biya ba, kuma baɗi wani zai nema. Maganin matsalar abu ne da mutane ke yi wa dariya idan suka gani, wato kunna filasha alhali rana na tsakiyar sama.

Me ya sa fuska ke ɓacewa?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko wurin da rana take. Gusau da kewayenta suna wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana hawa sama ƙwarai, har a ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta takan tsaya kusan daidai tsakar ka. A agogonmu tsakiyar rana ta gaskiya takan faɗo wajen ƙarfe 12:30. Hasken da ke saukowa daga sama yana dukan goshi da karan hanci da kafaɗu, ya bar inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin haɓa. Idan an ƙara da rawani ko malafa ko bakin hijabi, inuwar sai ta rufe rabin fuska.

Na biyu kyamarar ce kanta. Idon mutum yana iya ganin farar riga a rana da fuska a inuwa lokaci guda, kyamara ba ta da wannan faɗin gani. Tana auna hasken da ke gabanta ne ta yi ƙoƙarin mayar da shi matsakaici, launin toka-toka. In ta ga farar shadda da farin yashi da sama mai haske, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, fuskar da dama tana inuwa ta ƙara nutsewa. In kuma ka tilasta mata ta fito da fuskar, rigar ta ƙone fat, aikin da maɗinki ya yi makonni yana yi ya ɓace.

Mu masu baƙar fata abin ya fi shafar mu, kuma yana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. A zamaninmu kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin wayoyin Tecno da Infinix da itel, ya samu kasuwa a Afirka, kuma cikin dalilan har da gyara kyamarar wayoyinsa domin ta dace da baƙar fata. Duk da haka babu na'urar da za ta ƙirƙiro hasken da bai sauka a fuska ba. Dole mai hoto ya kai shi da kansa, kuma aikin filashar rana ke nan: ba ta zo ta yi gasa da rana ba, cike inuwa kawai take yi.

Ƙofar haske da kwalliyar baya

To ga wani buri kuma. Kowa yana son irin hoton nan da mutum ke fitowa tas, bayansa kuwa ya narke ya yi dishi-dishi, ba a ganin tulin shara ko babur ɗin da aka jingine. Wannan yana samuwa ne idan an buɗe ƙofar hasken da ke cikin gilashin kyamara sosai.

Ƙofar nan kamar ƙwayar idonka take, tana buɗewa tana tsukewa. Ana rubuta girmanta da harafin f da lamba: f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dalili kuwa rabawa ake yi. Gilashi mai tsawon milimita 50, idan aka sa shi a f/2, faɗin ƙofarsa 50 raba 2 ne, wato milimita 25. A f/16 kuwa milimita 3 ne da ɗan kai. Daga kowace lamba zuwa ta gaba haske yana raguwa da rabi, wannan shi ake kira taki ɗaya. 'Yan ajin lissafi ku duba da kyau: kowace lamba ta baya ce aka ninka da kusan 1.4, wato tushen 2, domin girman filin da'ira yana tafiya ne da faɗinta sau kansa. Abin da malam ke rubutawa a allo ana hamma, ga shi nan a jikin kyamara.

Babbar ƙofa tana da haɗarinta. Da gilashin 50 a f/1.8, a kan irin ƙananan kyamarorin da aka fi samu a kasuwa, in mutum yana nisan mita 2, abin da zai fito tas bai wuce kaurin santimita 11 ba. Ka saita a kunne, ido ya tafi. Shi ya sa ake saitawa a kan idon da ya fi kusa da kai. Kuma in ajinku ne gaba ɗaya suka jeru layi uku, manta da wannan kwalliya, ka koma f/5.6 ko f/8, in ba haka ba 'yan layin baya za su tuhume ka da son kai.

Inda gizo ke saƙar

Yanzu sai a haɗa biyun: babbar ƙofa da filasha a cikin rana. Nan ne yawancin masu koyo ke cin karo da bango.

Akwai tsohuwar ƙa'ida da masu hoto suka gada tun zamanin fim. A rana tarwai, idan ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, yana 100, to f/16 da saurin shata 1/100 na daƙiƙa za su ba ka hoto daidai. Shata shi ne labulen da ke buɗewa ya rufe idan ka latsa. Duk takin da ka ƙara buɗe ƙofa, dole ka ninka saurin labulen. A f/11 sai 1/200, a f/8 sai 1/400, a f/5.6 sai 1/800, a f/4 sai 1/1600, a f/2.8 kuwa sai 1/3200. Wanda ke son f/2.8 da azahar, ke nan, yana bukatar 1/3200.

Amma filasha ba ta yarda da wannan gudun. A yawancin kyamarori iyakarta 1/200 ne ko 1/250. Dalilin yana da daɗin sani. Labulen nan guda biyu ne, suna gaban farantin da ke karɓar hoto. Na farko ya zame ya buɗe, na biyu ya biyo shi ya rufe. In saurin bai wuce 1/200 ba, akwai ɗan lokacin da farantin ke buɗe gaba ɗaya, a nan filasha ke walƙawa. In ya wuce haka, na biyu yakan taso tun na farko bai kai ƙarshe ba, sai ya zama wata siririyar tsaga ce ke ratsa farantin. Walƙiyar filasha gajeruwa ce ƙwarai, sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, don haka ɓangaren da tsagar take kai kaɗai za ta haska. Sakamako: hoto mai baƙin sashe kamar an ja masa mayafi. Kyamarori da yawa ma ba za su bar ka ka wuce iyakar ba, da ka ɗaga filasha sai su koma 1/200 da kansu. In ƙofarka tana f/2.8 a lokacin, haske ya ninka abin da ake bukata sau 16, hoton ya fito fari fat kamar takarda. Duk wanda wannan ya taɓa faruwa da shi ya ɗauka kyamararsa ce ta lalace, to lafiyarta ƙalau.

Hanyoyin fita

Hanya mafi araha ba ta bukatar ko sisi: kai mutumin inuwa. Inuwar gini ko ta babbar bishiya tana iya rage haske da kusan taki huɗu, wanda ke nufin f/2.8 da 1/200 za su iya zama daidai. Sai dai ka duba abin da ke bayansa, in fili ne mai rana zai ƙone, gara katangar ƙasa ko ganyen da shi ma yake inuwa. Ka kula da dogon yaro, inuwarsa na da huda-huda, takan yi wa fuska ɗige-ɗige kamar zabuwa. Haka nan bayan la'asar sakaliya, ko a kwanakin hunturu da hazo ya tare rana, rabin matsalar ta tafi da kanta. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948 kuma hotunansa ke rataye yau a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya, yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana. Sanin inda za a tsayar da mutum shi ne jarinsa.

Amma mai sana'a ba kullum yake zaɓar lokaci ba. An sauko Idi da hantsi, an tashi taron makaranta ƙarfe ɗaya, kowa na son nasa yanzu-yanzu. A nan sai hanya ta biyu, wato sa wa kyamara baƙin tabarau. Wani gilashi ne mai duhu da ake ɗaurawa a bakin na kyamara, za ka ga an rubuta ND a jikinsa da lamba. ND8 yana rage taki uku, ND16 taki huɗu. Lissafin mai sauƙi ne: a 1/200 rana na bukatar f/11, daga f/11 zuwa f/2.8 taki huɗu ne, ke nan ND16. Da ND8 za ka samu f/4, wanda shi ma ya isa ya narkar da baya in mutumin ya yi nisa da bango. Kafin ka saya, duba lambar faɗin bakin gilashinka, tana rubuce a gabansa ko a cikin murfinsa, misali 49 ko 52 ko 58, domin kowanne da girmansa. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da ɗalibi: ba ta cin batir, ba ta lalacewa sai in ta faɗi, kuma tana aiki da kowace irin filasha.

Hanya ta uku ita ce ta masu hali. Wasu filashohin suna da tsarin da ake rubuta shi HSS, kamfanin Nikon kuma na kiransa Auto FP. Maimakon walƙiya ɗaya, sai filasha ta yi ta ƙyaftawa da tsananin sauri tun daga tasowar tsagar nan har ta gama ratsa farantin, ido na ganin abin kamar haske ɗaya. Kamfanin Olympus na Japan ne ya fara fito da irin wannan a 1986, da kyamararsa OM-4Ti da filashar F280. Da shi kana iya ɗauka a 1/3200 ba baƙin sashe. Farashinsa shi ne ƙarfi: yawancin hasken yana ƙarewa a jikin labule, saboda haka dole filasha ta matso kusa, batir ya ƙare da wuri, kuma a zafin Afrilu takan yi ɗumi ta tsaya sai ta huce. Kuma ba kowace kyamara ke da shi ba. Ƙananan Nikon irin su D3500 da D5600 ba su da shi, kada ka kashe kuɗi a kan filashar kafin ka tabbatar. Abin mamaki, wasu tsofaffin Nikon irin D40 da D70, da ake rainawa a wurin masu sayar da na hannu, suna yarda da filasha har 1/500.

Nawa ne ya isa?

Kuskuren da na fi gani shi ne a sakar wa fuska filasha da dukan ƙarfinta. Sai mutum ya fito kamar an yanko shi an manna, goshi na ƙyalli, ga inuwa biyu. Filashar cike inuwa in ta yi kyau ba a gane an yi amfani da ita, sai dai a ga fuska ta fito, da ɗan ɗigon haske a ƙwayar ido wanda ke sa mutum ya yi kama da mai rai.

Ga yadda nake yi. Ina sa kyamara a M, ISO 100, shata 1/200. Ina juya mutumin rana ta koma bayansa ko gefen bayansa, domin ya daina runtse ido, hasken kuma ya zana masa layi a kafaɗa da hula. Ina ɗaukar gwaji ba filasha, ina duba riga da baya kawai, har sai aikin rigar ya fito. Fuskar za ta yi duhu, ba komai. Sannan in kunna filasha. In tana TTL, wato mai auna kanta, ina rage mata taki ɗaya, alamar -1, in duba. In ta hannu ce ina farawa daga 1/4 na ƙarfinta. Ga mai duhun fata sosai nakan ƙara kaɗan, ga mai haske in rage. Kuma hankici na aljihuna kullum, domin gumi shi ne madubin filasha, a goge shi kafin a latsa ya fi a zauna gyara a kwamfuta.

Nisa shi ne sauran rabin maganar, kuma nan ma darasin fiziks ne. In ka ninka nisa sau biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ba rabi ba. Kowace filasha tana da lambar ƙarfi, wadda in ka raba ta da lambar ƙofa za ta ba ka nisan da take kaiwa a mita. Ƙaramar da ke ɗagowa a kan kyamara lambarta wajen 12 ce. A rana lissafinmu yana kan f/11 ne, ko da an sa baƙin tabarau, tunda tabaran yana rage hasken filasha daidai yadda yake rage na rana. To 12 raba 11, mita ɗaya da ɗan kai ke nan. Da yake cike inuwa kawai muke so, za ta iya taimakawa har wajen mita 2, bayan nan ɓarnar batir ce. Babbar filasha mai lamba 44 za ta kai mita 4. Wanda ya tsaya can nesa yana walƙa wa mahaya a hawan Sallah, hasken nasa ko ƙurar dawakin bai kai ba. In kuma ya matso ya walƙa wa doki a ido, wannan wata fitina ce daban, kada a gwada.

Ga masu waya

Na san yawancinku waya ce a hannunku, ita ma ta yaya ko ta mama ce aka ara. 'Yar fitilar bayan waya ba ta da ƙarfin da za ta yi tasiri a rana, sai in an kusa manna ta a fuska. Ƙofar haskenta kuma a kafe take, dishi-dishin bayan da tsarin hoton mutum ke yi lissafin manhaja ne, shi ya sa wani lokaci yake cinye gefen ɗankwali ko kunne. Amma ainihin dabarar, wato kai haske cikin inuwa, tana hannunku. Ku samo farin kwali babba irin na zanen aikin makaranta, ko murfin kwali da aka lulluɓe da takardar azurfa ta naɗe abinci bayan an ɗan cukuikuye ta. Rana a bayan wanda za a ɗauka, aboki ya riƙe kwalin a gabansa daga gefe, daidai ƙirji, ya riƙa karkata shi har a ga hasken ya hau fuska. Sai a taɓa fuskar a allon waya domin ta auna haske daga nan. Farar katanga ko farin zanin gado suna yin wannan aikin. Fari ya fi laushi, azurfa ta fi ƙarfi amma tana sa hawaye in an daɗe.

Abu biyu da ba na kyamara ba. Kada a ɗauki kowa sai da izininsa, musamman mata da ƙananan yara, kuma kada a ɗora hoton mutum a Facebook ko TikTok don tallar aiki sai ya amince. Sannan, a halin da yankinmu ke ciki, babu kyawun bayan hoto da ya kai a fita bayan gari dominsa. Dutsen Kwatarkwashi yana da kyau a hoto, amma katangar gidanku ma a f/2.8 narkewa za ta yi, ba wanda zai san ta ce. Shingen jami'an tsaro kuwa ko kyamara kada a ɗaga a kusa da shi.

Da babbar Sallah ta zagayo na sake tare Kawu, wannan karon a ƙofar zaurensa, rana a bayan kafaɗarsa ta dama. Ba ni da ND a lokacin, don haka na tsaya a f/11 da 1/200, na ɗaga ƙaramar filashar kyamara, na matsa har kusan mita ɗaya da rabi. Da ta walƙa sai ya ce, "Yau kuma fitila da rana?" Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a ga aiki." Bayan bai narke ba, har akuyar maƙwabta ta fito a gefe tana cin dusa. Amma idanunsa sun fito, da furfurar gemunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka yi wa hoton firam a Gusau, ya kuma ce a bar akuyar.